Alhaji Sabo Ba Ya Fara Cin Nama

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan a kasuwar Bwari Hajiyar maƙwabcina ta kira ni tana kuka. Alhaji Sabo mai shadda ya rasu.

Har yanzu ban fito da kaya ba. Ina zaune a benci ina kallon ƙofarsa a rufe.

Shagonsa na jikin nawa. Da na zo daga Zariya ban san kowa ba a garin nan, shi ya fara leƙo ni ya ce, "Bazazzage, a layin nan ba a cin abinci a ɓoye. Taso." Tun daga ranar faranti ɗaya muke ci da rana, mu 'yan layin, tuwon Mama Rifkatu mai abinci.

A da mutum ne mai jiki sosai. In ya tare okada da kansa yake cewa, "Oga, ka yi haƙuri, mutum biyu ka ɗauka." Ciwon suga ya daɗe yana wahalar da shi, ga ƙwaya, ga allura. Likitoci suka ba shi shawarar aikin rage tumbi, ya fita ƙasar waje aka yi, ya dawo lafiya.

Wallahi murna muka yi. Suga ya sauka, aka dakatar da allurar. Ya faɗa, ya yi fes, muna ce masa saurayi.

Shi da bakinsa ya gaya mana abin da likita ya ce: tumbin yanzu bai fi kofin shayi ba, don haka ya riƙa farawa da nama ko kifi ko ƙwai, tuwo daga baya in da wuri. Sannan ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai, domin jiki ba zai ƙara zuƙar amfanin abinci kamar da ba. Yana faɗa yana dariya.

To a nan gizo ke saƙar. Wa ya taɓa ganin dattijo ya sa hannu a faranti ya fara da nama? Mu da aka daki hannunmu muna yara a kan haka? Alhaji zai yi loma biyu-uku ta tuwo, ciki ya cika, ya turo mana naman ya ce mu raba.

Mama Rifkatu ce ta fara lura. Ta ce, "Oga, wannan nama naka ne, ka ci shi first. Idonka ta yi fari fa."

Ya ce, "Madam, so kike a ce Sabo ya tsufa da kwaɗayi?"

Na taɓa sa ta zuba masa nasa daban, da kifi a kai. Ya kalli kwanon ya kalle ni ya ce, "Korata kuke yi?" Bai ƙara yi mini magana ba sai bayan la'asar.

Bitamin ɗin ma da na farko suka ƙare bai sake saye ba. Ya ce Allah ya raba shi da haɗiyar ƙwaya, wanda ya warke ba ya shan magani. Na yi magana, Hajiya ta yi, har da kuka. Babba ne, ba a yi masa ɗura.

A hankali ƙafa ta fara mutuwa. Silifas zai fita a ƙafarsa ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Ya ce tsohon sugan ne ya bar masa tabo. Sai haki. Sai mantuwa, ya auna yadi ya tsaya yana kallon almakashi. Ran nan ya zube a sahu muna sallar azahar.

A asibiti likita ya ce jini ya yi ƙasa sosai, jijiyoyi sun taɓu, zuciya ta gaji. Ya ce yunwa ce ta ɓoye.

Yunwa. Ga mutumin da rabin layinmu ke ci a hannunsa.

Aka ƙara masa jini, aka sa ruwa, aka yi allurai. Muna tsaye a baranda, babu abin da muka iya sai addu'a.

Ranar Juma'a na kai masa farfesun kaza. Hannunsa ya kasa riƙe cokali, ni na ba shi. Ya ce, "Kai ka ci?" Na ce na ci. Ya ce, "Ƙarya kake, Lawal. Ku Zazzagawa ko ƙarya ba ku iya ba." Ya tauna 'yar tsoka ɗaya da ƙyar ya haɗiye, ya yi murmushi ya ce, "Ka ga yau na fara da nama. Kar ka faɗa a kasuwa."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ɗazu telansa ya zo da kaya a leda, manyan rigunan da Alhaji ya kai a sake rage masa. Ya ga shago a rufe ya tambaye ni ko Alhaji ya makara ne.  Karɓa kawai na yi, suna nan a cinyata.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Sabo, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ciyar da shi daga abincin Aljanna. Ka ba Hajiya da yara haƙurin rashinsa. Za a yi jana'iza bayan azahar. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In kuma kuna da wanda aka yi wa irin wannan aikin, ku je ku zauna da shi ku ga me yake ci, tun yana iya riƙe cokali.