Wainar da Na Kira Wata

Da furfurata da komai, ni ne wawan da ya ɗauki hoton waina ya ce wata ne. Jiya na ci karo da hoton a waya, shekara guda da rasuwar Kawu.

Kawu ya yi awon ƙasa zamanin haƙar kuza, Turawa suka bar masa tsohon madubin hangen nesa mai warin tsatsa. Da idonsa ya raunana, ya roƙe ni in ɗora wayata a bakin madubin in ɗauko hoton wata, ya kalla dab da hancinsa. Kwana uku ina fama bayan magariba a unguwarmu ta Gangare, ga sanyi, ba na samun komai sai farin ɗigo. Da na gaji, na ɗora waina a baƙin faranti na ɗauki hotonta, ga ramukanta kamar gaske.

Na kai wa Kawu, ya daɗe yana kallo. Abin da ya faɗa, dariya kawai na yi na fita. Sati bai zagayo ba muka kai shi makwancinsa. Allah Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini.

A ranar, cewa Kawu ya yi, "Ɗan nan, watan naka ya ƙone a gefe. Gobe za ka kawo mini na Allah?"