Ba Bu'azza, Wanda Ya Tsaya wa Karyata Cikin Jallabiya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa makomarmu take. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran Si (wato Malam) Bu'azza Zammuri a gidansa da ke birnin Kenitra, bayan ciwon zuciya na ɗan lokaci. Mu 'yan ƙungiyar wasan karnukan tsaro Ba Bu'azza muke ce masa, wato Baba Bu'azza, don a haife ya haifi yawancinmu. Na zauna in rubuta baƙin ciki, sai na ga duk abin da na tuna da kai, Ba Bu'azza, dariya yake sa ni. To haka zan rubuta shi, don ka fi kowa ƙin dogon kuka.

A wasanmu akwai mai kare, akwai alƙali, akwai kuma mutumin da ke sa rigar cizo, wato wannan ƙatuwar riga mai kauri kamar katifa, ya riƙe tsagaggen gora yana kaɗawa, ya tsaya karnuka su afka masa. Wannan aikin ka zaɓar wa kanka tun kana saurayi. Mai kare ya tafi gida da kofi, kai ka tafi da kumburi a cinya, kana ta washe baki. A filin gasa ba ka da mutunci ko kaɗan: ka goce wa kare ya ci ƙasa, ka sace kwandon da aka ba shi gadi yana kallonka. Amma a wajen horo, in ɗan kwikwiyo ya kama maka hannun riga da haƙoransa na nono, sai ka zube ƙasa kana ihu kamar zaki ya kama ka, ya tafi da riga yana taƙama. Ana tashi kuma kai ne mai hura gawayi, ka gasa mana kifin sardin, ka dafa shayin na'ana'a mai sukarin da likita ya hana ka.

Ni tela ne, ban san komai game da wannan duniya ba sai da Nimra ta jawo mini. Karya ce 'yar Beljika da wani ya bar mini tana ƙarama, ta taso a tsakar gidanmu da ƙarfin da ba ta san inda za ta kai shi ba. Wata rana ta ɓalle ƙofa ta kayar da mai kawo mana tukunyar gas, ta keta masa riga. Bai ji rauni ba, amma unguwa ta ɗauka. Maƙwabcina Alhaji Milud, wanda jikokinsa ke wasa a layin, ya ja mutane zuwa wurin mai unguwa. Aka ce ko in kawar da ita, ko a kira masu kashe karnuka. Gaskiyarsu ce, ban musa ba. Sai dai 'yata ta daina cin abinci, ni ma kaina barci ya ƙaurace mini.

Na kawo maka ita tana neman tsinke mini hannu. Ka dube ta, ka dube ni, ka ce, "Ɗan tela, karyar lafiyarta ƙalau. Kai ne za mu sha wahala da kai." Da ƙafarka ka je ka roƙi mai unguwa ya ɗaga mana ƙafa zuwa bayan sanyi. Duk wannan lokaci ba cizo ka koya mata ba, wannan da shi aka haife ta. Saki ka koya mata, da dawowa. Kullum maganarka ita ce kowane kare ya iya kamawa, namu shi ne wanda ke fasawa in an ce ya fasa. Ni kuwa ka hana ni tsawa, ka rataya mini usur a wuya. In na hura a makare ka ce, "Wai allura kake nema a aljihu ne?"

Da wa'adi ya cika, ka gayyaci mai unguwa da Alhaji Milud da dattawan layinmu zuwa fili ranar Juma'a bayan an ci kuskus ɗin rana. Za a nuna musu abin da muke kira harin ƙarya: a saki kare kan mutum a guje, sai ya kusa kai baki a busa usur, ya juyo bai taɓa shi ba. Ka sa rigar cizo, aka yi, Nimra ta juyo. Muka yi tafi. Alhaji Milud ya taɓe baki ya ce, "Ai jikokina ba sa yawo da katifa a jiki."

Ka shiga rumfa, ka fito cikin farar jallabiyarka ta masallaci, da silifa. Na ce, "Ba Bu'azza, don Allah kar ka yi." Ka ce, "Yi mini shiru ka gyara usur ɗinka. In ta yaga wannan, kai za ka ɗinka, kuma kai za ka yi wa Lalla Zuhur bayani." Lalla Zuhur ita ce uwargidanka, kuma duk ƙungiyar tsoronta muke ji fiye da karnukan.

Wallahi ban san yadda na saki igiya ba. Ka ruga kana tattare jallabiya, silifa ɗaya ta fice, Nimra ta bi ka kamar an harba ta. Na hura usur da duk numfashin da Allah ya ba ni. Ta taka birki har ƙasa ta fallatsa maka a baya, ta juyo ta zo ta zauna a ƙafata tana haki. Sai Alhaji Milud ya tashi, ya ɗauko silifarka ya kai maka da hannunsa, ya ce, "Kai dai mahaukaci ne, Bu'azza. A bar musu karensu." Daga nan muka shiga gasa, Nimra ta ciwo mana kofi har a Rabat, kai ka fi ni tsalle. Yanzu ta tsufa, tana kwance a inuwar shagona.

Shekaru ina ba da wannan labari ina cewa ka san ba za ta cije ka ba, shi ya sa ka yi. Da muka je gaisuwa na sake ba da shi, sai Lalla Zuhur ta yi dariya cikin hawaye ta kira sunana ta ce, "Jilali, ina ya sani? Tun safe ya san sai an kai ga tuɓe rigar. Ya sa Marwan ya tsaya da mota a bayan rumfa, inji a kunne, da bandeji da tawul a kujera, ya ce in abin ya ɓaci a wuce da shi asibiti, kuma kar a bari kowa ya taɓa karyar." Marwan ɗanka ya gyaɗa kai. Ashe ba tabbaci gare ka ba, Ba Bu'azza. Jikinka ka ajiye don kar 'yar wani tela ta yi kuka, kuma ka bar ni ina ta taƙama ban sani ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa tausayin da ya yi wa dabba da mutum ya tarye shi, ka tsare shi daga abin tsoro kamar yadda ya tsaya wa wasu. Lalla Zuhur, Marwan da ƙannensa, da 'yan ƙungiya baki ɗaya, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sada mu da shi a Aljanna. Amin.