Daktan Roba da Kwalekwalen Mahaifinsa

A Guri ba mai kiransa Farfesa. Daktan Roba suke ce masa, tun ranar da wata tsohuwa ta tambaye shi abin da ya tafi karantawa shekara da shekaru, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya nuna bokitin da ke gabanta ya ce, "Irin wannan, Iya." Sunansa na yanka Zaharaddeen, ɗan fari ga Baba Zarami masunci. Ilminsa na roba ne da leda da danko, yadda ake haɗa su da yadda suke riƙe abu. Kuma a yi masa adalci, ya san aikinsa.

Baba Zarami yana da kwalekwale guda, sassaƙen tsohon itace, wanda ya gada wurin mahaifinsa. A gefensa akwai tsaga mai tsawon kamu ɗaya. Kowace shekara kafin ruwa ya kawo, tsohon zai cusa tsumma a ciki ya narka kwalta ya shafe, ya shiga kogi abinsa. Zaharaddeen ya tashi yana kwarfe ruwa daga wannan jirgi da ƙoƙo, ya kuma tsani tsagar tun yana yaro.

Don haka da ya zama malamin jami'a, aikin farko da ya sa a gaba shi ne danko. Ya ɗauki bagaruwa, wadda majema ke jima da ita, ya tatso abin da ke cikinta, ya yi ta gwaji har ya sami wani danko baƙi-baƙi da in ya bushe ruwa ba ya ratsa shi. Ya zo gida da murna ya ba mahaifinsa labari a ƙofar gida, ƙanensa Abdulmannan na zaune yana ɗinkin koma.

Abdulmannan ya ce, "To Yaya, ga jirgi can, a shafa mana."

Zaharaddeen ya ce, "Ba yanzu ba. A wurinmu ba a fitar da abu sai an gabatar da shi gaban taron masana sun auna sun amince. Taron bana zan kai shi. Amma Baba, kada a ƙara sa kwalta. Dankon ba ya kama itacen da ya sha sabuwar kwalta."

Tsohon ya gyaɗa kai. Wannan magana ta shige shi sosai, don shi ma a sana'arsa ba mai jefa koma a tafkin da aka hana sai sarkin ruwa ya buɗe su. Ya dubi Abdulmannan ya ce, "Ka ji dai. Su ma suna da sarkin ruwansu. Sai an buɗe."

A taron bana ɗin ne aka gano Zaharaddeen na da wata baiwa da ta fi ta danko: ya iya shirya taro. Ya san wanda za a zaunar a babban tebur da wanda za a lallaba, ya iya rubuta jawabin bayan taro kafin a fara taron. Ƙungiyar masanan sinadarai da yake ciki ta ba shi sakataren reshe. Babban baƙo ya makara, lokaci ya ƙure, aka ce a rage masu gabatarwa. Mai shirya taro kuwa ba ya cire sunan wani ya bar nasa, sai ya cire kansa. Aka yaba masa ƙwarai.

Haka aka yi baɗi, haka aka yi baɗin baɗaɗa. Daga sakataren reshe ya zama na shiyya, daga nan ma'aji, daga nan mataimakin shugaba. Ba a ce bai yi abin kirki ba. Shi ya tsaya kai da fata har aka riƙa ba ɗalibai mata gurbi a taro, shi ya farfaɗo da mujallar ƙungiyar bayan ta mutu. Matasa da yawa sun hau ta kansa. Dankon ma wata shekara ya samu ya gabatar da shi, a wani ƙaramin ɗaki bayan cin abincin rana, rabin mutanen na gyangyaɗi. Aka tafa, aka buga a mujalla. A ranar kuma aka tsayar da shi takarar shugaba, maganar bagaruwa ta bi iska.

Yana zuwa Guri da Sallah, waya a kunne, direba na jira. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya tambayi ruwa da kifi, a ce masa sai godiya. Baba Zarami mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya buɗe baki ya tambaye shi wani abu. Ya kuma hana Abdulmannan tunatarwa. Shi kuwa Zaharaddeen, in jirgin ya faɗo masa a rai, sai ya ce ai tuni sun ci gaba da kwaltarsu.

Ba su ci gaba ba. Sai da wa'adin shugabancinsa ya ƙare, aka rataya masa lambar yabo, ya zo gida ya yi kwanaki a karon farko, ya zagaya bayan gida ya ga kwalekwalen a kife kan duwatsu, kaji na kwana ƙarƙashinsa. Tsagar ta kai tsawon hannu.

Ya ce, "Abdulmannan, yaushe aka fito da shi?"

"An daɗe, Yaya. Tun ba a yi wa ƙanwarmu Mardiyya aure ba, ga ta yanzu da 'ya'ya. Shekarar farko Baba ya shiga da tsumma kawai, yana tuƙi ina kwarfa. Ta biyu muka kusa nutsewa. Na ɗauko kwalta ya ce in na shafa bai yafe ba, kai ka ce a jira. Ya ɗan yi kamun kifi da gora a bakin ruwa, da gwiwa ta hana shi sai ya zauna gida."

Zaharaddeen ya tsaya yana kallon tsagar. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin cikin da ba shi da wanda zai ɗora wa. Magana ɗaya ya yi a ƙofar gida, ya manta da ita, wani ya riƙe ta da sauran ƙarfinsa duka.

Ya koma jami'a ya haɗa dankon da hannunsa, ya dawo. Ya tuɓe babbar riga, shi da Abdulmannan suka kankare itacen, suka cike tsagar, suka bar shi ya bushe. Suka cika jirgin da ruwan rijiya don gwaji, ko ɗigo bai fita ba. Da rijiyar aka gwada saboda mashigin da Baba Zarami ke bi ya fita kogi ciyawar kacala ta cinye shi, yanzu ko agwagwa sai ta yi dabara.

Aka riƙo tsohon aka kawo shi bayan gida, aka zaunar da shi kan turmi. Idonsa ya yi rauni, sai ya miƙa hannu ya bi wurin gyaran da yatsa tun daga farko har ƙarshe, a hankali.

Zaharaddeen ya durƙusa ya ce, "Baba, sun amince. Tun tuni suka amince, ni ne ban zo na faɗa ba."

Baba Zarami bai dube shi ba, Abdulmannan ya fuskanta kamar yadda ya saba. Ya ce, "Gaya wa yayanka aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Hannunsa na kan itacen, ya ƙara da cewa, "Ka tambaye shi ko a cikin mutanensa akwai mai son jirgi, a ba shi. Ni kam ku mai da ni inuwa."