Ranar da Yaya Bai Tashi wa Takensa Ba

Gidanmu a Talatar Mafara gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Ni kaɗai aka zare daga wuƙa da jini aka miƙa wa malam, na yi allo na yi littattafai. Wana kuwa, wanda muke ciki ɗaya da shi, shi ya gaji mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Yana sayen shanu a Maradun da Bakura, ya yanka wasu, ya loda wasu zuwa Kurmi, wato kudancin ƙasa.

A bin motar shanu zuwa Kurmi ne, tun yana saurayi, Yaya ya kwaso wata cuta da har yau ba ta sake shi ba. Ya dawo da kaset-kaset na wani tsohon kiɗan jita, na Turawa da na mutanen Kudu, irin wanda ganga ke gudu kamar an koro ta, mawaƙin kuma yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Ko kalma ɗaya ba ya ji. Mahaifinmu ya taɓa tsayawa a bakin zaure ya saurara, ya ce, "Wanga kiɗi ne ko hwaɗa?" Yaya ya ce duka biyun.

Daga baya ya samu abokin ciwo, wani mai gyaran rediyo a bakin tasha, wanda yake da jitar lantarki da lasifika da yake haɗawa da batirin mota. Yaya ne ya haɗa shi da tsohon makaɗin kalangun gidanmu, mutumin Faru, wanda muke kira Baba Makaɗi. Shi ya kaɗa wa kakanmu take, ya kaɗa wa mahaifinmu. Da farko tsohon ya ce ba ya haɗa kalangunsa da abin da ke cin wuta. Da ya ji jitar tana bin bayan kalangu tana maimaita abin da ya faɗa, sai ya yi dariya ya ce yaron yana da ladabi. Tun daga nan, duk ranar Talata in kasuwa ta tashi, sai su zauna bayan rumfar mahauta su yi ta yi, samari da dillalai da direbobi sun kewaye su. Ni ba na zama wurin kiɗa. Amma hanyar masallacin da nake bi ranar Talata ba ita ce mafi kusa ba.

Sai zamani ya juya. Ɓarayin daji suka rufe hanyoyi, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa gari, shi kansa Baba Makaɗi ya baro Faru ya kama ɗaki a bayan kasuwa. Zaman Talata ya mutu ba tare da kowa ya ce a daina ba. Abin da ya fi ba mutane tsoro shi ne infoma, wato na cikin gari mai kai wa na daji labari: wane yana da dukiya, ga inda yake kwana, ga hanyar da yake bi. Wani falke da muka sani, an wasa shi a wani suna, an lissafa garkensa, wani ya ɗauka a waya. Ba a daɗe ba aka tare shi a hanya. Sai da danginsa suka sayar da gona kafin ya dawo, kuma bai dawo daidai ba.

Ana cikin haka aka sa bikin ɗan ƙanen mahaifinmu a Bakura. Aka ce za a yi kiɗa bayan azahar a watse kafin rana ta yi sanyi, kuma Yaya ne ya nace a ɗauko Baba Makaɗi da mai jita. Ya yi ta murna kamar shi ne angon.

Inna, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ka san kirarin yayanka. Ka san abin da ke ciki."

Na sani. A kirarin akwai garken da yake ajiye a Damri, akwai na Dosara, akwai motar da ba ta tafiya Kurmi da rabin kaya. A da, wannan ado ne. Kuma al'adar mahauta ce, in an kaɗa taken gidanku ka miƙe, ka ɗaga hannu, ka yi wa makaɗi kyauta a idon jama'a gwargwadon ƙarfinka. Yaya kuwa in ya ji takensa, hannunsa ba ya sanin ƙarshen aljihu.

Inna ta ce, "Tafi ka gaya wa tsohon nan ya tsallake shi. Ni ɗana nike so, ba kirari ba."

Na tarar da Baba Makaɗi a ƙofar ɗakinsa yana shafa wa tsarkiyar kalangu mai. Muka gaisa, ya tambayi Inna da ƙafarta, ya tambayi iyali da ɗalibai, na tambayi jikinsa da labarin Faru, ya ce sai godiya, muka sake zagayowa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ci gaba da shafa mai. Can ya ce, "Malam, kai mai karatu ne. In liman ya kai tsakiyar sura, shina tsallake aya don wani na jin tsoronta?"

Na ce, "Baba, kada mu haɗa wannan da wancan."

Ya ce, "Astagafirullahi, na janye. Amma ka ji. In na kaɗa ma kowane gida na tsallake naku, mi za a ce? Za a ce na raina gidan da ya ciyar da ni tun ban da gemu. Bakina dai ina iya rufe shi, ba ni faɗin Damri, ba ni faɗin Dosara. Amma hannun ga sai ya kira shi. Ni ban iya hana hannuna. Kai ka hana ƙafarsa."

Na ce, "In bai tashi ba fa?"

Ya dube ni. "Ka san abin da aka cewa ga wanda anka kaɗa ma take ya zauna."

Wannan ma na sani. Ana cewa ya karye.

Da na je wa Yaya da maganar, yana rumfa yana feɗe akuya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Alaramma, yaushe ka fara shiga harkar makaɗa? Ko an buɗe babin kalangu a littafin naku?"

Na ce, "Inna ce ta aiko ni."

Ya ce, "Abin da Allah Ya rubuta ba ya kankaruwa. Kai ka koya mini."

Na ce, "Na kuma koya maka a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali."

Ya yi dariya, ya ce to ni ne igiyar ke nan. Bai ce zai zauna ba, bai ce zai tashi ba.

Ranar biki muka tafi Bakura da hantsi. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba. Na zauna dab da Yaya a hannun damansa, abin da ban taɓa yi ba a wurin kiɗa, har wani dattijo ya leƙo ya ce, "Malam, yau kai ne a nan? Lallai duniya ta zo ƙarshe." Na yi murmushi.

Mai jita ya fara shi kaɗai. Ya ja wata ƙara mai kaushi, lasifika ta yi kuka, yara suka toshe kunne suna dariya. Sai kalangu ya shigo, suka kama juna. Ban san harkar ba, amma na ga fuskar Yaya ta koma ta saurayin da ya sauko daga motar shanu. Yana buga gwiwa da tafin hannu, yana cewa, "Ka ji, ka ji wurin nan." Ni kuwa fuskoki nake bi. Wayoyi a sama ko'ina, kowa yana ɗauka. Na nemi baƙuwar fuska ban samu ba, kuma wannan bai kwantar mini da hankali ba, domin infoma ba baƙo ba ne. Ga mai shayi, ga 'yan kabu-kabu a kan baburansu, ga dillalan da muke sallah sahu ɗaya. Na riƙa neman tsari daga mummunan zato, ina kuma ci gaba da yin sa.

Sai Baba Makaɗi ya ɗaga hannu, jita ta yi shiru. Ya rataya kalangu da kyau ya shigo fili, ya fara kiran gidaje. Ya kaɗa na uban ango, uban angon ya miƙe ya yi jinjina, aka yi guɗa daga cikin gida. Ya matsa ga na gaba. Yawancin waɗanda suka tashi masu ƙaramin ƙarfi ne, ba wanda zai tare su a hanya. Tsohon yana matsowa kujera bayan kujera. Na ɗora hannuna a kan gwiwar Yaya. Ya dubi hannun.

Baba Makaɗi ya tsaya a gabanmu. Ya matse kalangu a hammata, ya sauke sandar kiɗa, taken gidanmu ya fito. Ni da ba na sauraron kiɗa, sai da tsigar jikina ta tashi, domin da shi ake tashe mu ranar kasuwa tun muna yara, da shi mahaifinmu yake shiga rumfa. Tsohon ya cika alkawari, leɓunansa a haɗe. Amma idonsa yana kan Yaya.

Yaya ya ce a hankali, "Ɗauke hannunka."

Na ce, "Yaya, don Allah."

"Na ce ka ɗauke."

Ban ɗauke ba. Take ya kai ƙarshe, tsohon ya sake ɗaukowa daga farko. Jama'a suka fara juyowa, wayoyi suka juyo tare da su. Wani ya ce, "Maigida, da kai ake." Sai taubashinmu, ɗan gwaggonmu na Maradun, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya taso daga can baya yana dariya. Ya ce, "A'a, bijimin Mafara, yau ƙafa ta riƙe? Ko aljihun ne ya huje? In babu ka faɗa, in ranta maka na goro."

Aka yi dariya. Wasa yake yi, irin wanda suka saba tun suna yara, kuma a kowace rana ban da wannan, da Yaya ya miƙe ya rufe shi da kyautar da za a yi mako ana zancenta. Na ji ya kama wuyan hannuna. Hannun mahauci ne, ya cire nawa daga gwiwarsa kamar ana cire ƙuda. Ya dafa hannun kujera. Na rufe ido na ce, Ya Allah, Kai ne mai tsarewa.

Da na buɗe, yana zaune. Ya gyara hularsa, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa tsakanin takalmansa, zufa tana ɗiga daga gemunsa. Dariyar ta mutu da kaɗan kaɗan. Taubashin ya tsaya da baki buɗe, sannan ya koma ya zauna. Baba Makaɗi ya kai take ƙarshe, ya ɗan rusuna, ya wuce kujera ta gaba. Mai jita, Allah Ya saka masa, ya saki wata ƙara da ta cika wurin, samari suka koma kansa.

Muka kamo hanyar Mafara rana da sauranta. Direba yana gudu, kowa yana kallon bakin daji. Muka shiga gari. A ƙofar gida Yaya ya ce mini, "Je ka gaya wa Inna igiyarta ta riƙe." Ya shige. Da yamma ya aika wa Baba Makaɗi cinyar bijimi ta ƙofar baya.

Labari ya riga mu isa kasuwa. Ranar Talata mutane suka riƙa zuwa rumfa suna gaishe shi da murya ƙasa ƙasa, suna cewa Allah Ya mayar da alheri, kasuwa ta gaji haka. Wasu suka ce ɓarayi ne suka kore garken, wasu suka ce mota ce ta faɗi a hanyar Kurmi. Taubashinmu ya zo har gida yana ba da haƙuri, yana cewa wallahi bai san abin ya kai haka ba. Yaya bai gaskata kowa ba, bai ƙaryata kowa ba. Na tambayi kaina ko shirun nan ƙarya ne, na duba abin da na karanta, na bar wa Allah hukuncinsa. Har yau dai ba wanda ya tare shi a hanya. Ko don wannan ne, ko don kwanansa na gaba, Allah ne masani.

Bayan 'yan makonni na raka shi kara, inda ake cinikin shanu. A da, in ya shigo, dillalai rige-rigen jawo shi suke wurin manyan bijimai. Ranar nan suka gaishe shi daga zaune. Wani dattijon dillali, abokin mahaifinmu, ya kama hannunsa ya ja shi gefe, ya nuna masa wata saniya ramammiya, ƙasusuwan bayanta a waje. Ya ce, "Ɗana, ga wagga, daidai ƙarfinka. A hankali aka tashi, kada ka ji kunya."

Na dubi Yaya. Ya dubi bijiman da ke can gefe, waɗanda zai iya saye gaba ɗaya a tsaye. Sannan ya naɗe hannun riga, ya buɗe bakin saniyar ya duba haƙoranta, ya matsa kwiɓinta, ya ce, "Baba, a rage mini." Suka yi ciniki kamar da gaske, aka sallama. Ya karɓi igiya da kansa, ya ja ta ta tsakiyar kasuwa, mutane suna ba shi hanya, ni ina biye.