Kariyar Inna da Butar Surukina

Bishiyar kariya ce kaɗai abin ado a gidanmu na Gwiwa, mai kumburarren gindi da jan fure. Shekarar da Inna ta rasu yayyena suka sare ta don su gina ɗaki. Kafin gatari ya kai gare ta na tsinke ƙwanso guda, na ƙulle a bakin zane, na taho da shi gidan aurena a Roni.

Na cire wa irin gashinsa, na shuka a tsohon kwano cike da rairayi. Da tsiron ya yi ƙwari na dasa kowanne a gwangwanin madara, na jera a gindin katanga. Kariya ba tumatir ba ce. In an dasa ta, ƙishirwa take so har saiwarta ta warke.

To, a gindin katangar nan ne surukina yake alwala. Dattijo ne da ya ƙare rayuwarsa a noman rani, ba ya iya ganin dashe a bushe. Kowace sallah sai ya juye musu ragowar ruwan butarsa, har da murmushinsa.

Ni kuwa, duk kaifin bakin nan nawa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Gaisuwa ce a durƙushe, sai in faɗa ɗaki. Da wane baki zan ce wa uban mijina ya yi kuskure? Na kai kuka wurin maigidan, ya ce, "Ke, a kan ciyawa zan yi wa Baba gyara?" Haka gindinsu ya riƙa laushi kamar dafaffen dankali, ina zubarwa a ɓoye, takaici na cina.

Da ya rage saura ɗaya, na ɗora ta can saman katanga. Washegari da la'asar na fito, sai ga tsohon ya taka turmi, ƙafarsa na rawa, yana miƙa buta.

"Baba," na ce, muryata kamar ba tawa ba, "ba ta son ruwa."

Ya sauko a hankali. Ya dubi gwangwanayen da na kife a gefe, ya daɗe yana kallonsu.

"Yarinya, duk ni ne?"

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Kariyar tana nan tana fure duk shekara, amma har ya bar duniya bai ƙara alwala a gindin katangar nan ba.