Baban Safiya da Tsofaffin Bindigoginsa

Shekara takwas ke nan da rasuwar mijina, Malam Yahuza, wanda a gida muke kira Baban Safiya. Har yanzu in na je taron suna a Takoma Park, sai an sami mai nuna ni yana cewa, "Matar mai bindigogi ce." A da kunya nake ji, yanzu kuwa sai in gyara zama.

Ɗan maƙeran Katsina ne, aikin gyaran na'urori a gidan rediyo ya kawo mu Amurka, muka zauna a Beltsville. Wata Asabar ya shiga kasuwar baje kolin kayan tarihi a Virginia, ya ga wata ƙaramar bindigar Jamus da aka ƙera tun kafin yaƙin duniya na ɗaya, irin mai ɗura wa kanta harsashi, da kubenta na katako. Ya dawo yana ba ni labarinta, har tuwonsa ya huce.

Ban yi murna ba. A wancan lokacin Musulmi a ƙasar nan ko tari ya yi sai an waiwayo. Na ce, "Malam, ga gemu, ga sunanka, ka ƙara da bindiga?" Ya ce, "Maman Safiya, ni ba harbi ne ya dame ni ba. Hannun wanda ya ƙera ta nake kallo." Ya bi doka ya yi lasisi, ya fara tara tsofaffin bindigogi, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli, kuma harsashi bai taɓa shiga gidanmu ba. Duk da haka wasu abokai suka rage zuwa.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta Madam Doris, tsohuwar maƙwabciyarmu. Mijinta ya mutu ya bar mata bindigar mahaifinsa, ita ma irin mai kuben katakon nan, tana son sayarwa ta koma kusa da 'yarta. Wani dillali da ake ji da shi a harkar ya duba ya ce kuben jabu ne, daga baya aka sassaƙa shi, don haka ya taya ta da arha. Ta zo falonmu idonta ya yi ja. Malam ya yini yana juya kuben a ƙarƙashin fitila, sannan ya ce mu haɗu a taron masu tara irin waɗannan kaya.

Na bi su. Zauren cike da dattawan Turawa, a cikin mazan shi kaɗai ne baƙi, da hularsa zanna. Dillalin ma yana wurin, ya maimaita maganarsa, har da murmushi. Malam ya nemi izini, ya kwance ɗan ƙarfen da ke bakin kuben, ya goge daskararren maiko da auduga. Ga lamba a ƙasa, daidai da wadda ke jikin bindigar. Ya kuma nuna musu sawun zarto, ya ce mutum ɗaya ne ya goge ƙarfen nan da kunamar bindigar, domin hannunsa yana karkata hagu. Aka yi ta miƙa gilashin ƙara girma daga hannu zuwa hannu. Da ya iso ga dillalin, ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire hularsa ya ce ya yi kuskure. Zauren ya ɗauki tafi. Ni da nake hana shi, guɗa ce ta kuɓuce mini.

Wani gidan tarihi ne ya sayi bindigar da darajarta. Daga nan wayarmu ba ta huta ba, kuma a shekarunsa na ƙarshe shi ake sawa alƙalanci a taron.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da mutum zai ɗauki hoto a waya a yanke wa kaya daraja cikin minti ɗaya. Na san zai girgiza kai ya ce ƙarfe sai an taɓa. Labaran harbe-harben da muke ji kuwa za su hana shi cin abinci, kamar yadda suka saba.

Bindigoginsa mun ba da su inda za a adana. Abin da ya rage mana littattafan rubutunsa ne goma sha ɗaya, cike da zane da bayanin kowace bindiga da ta bi ta hannunsa, duk da Hausa. Masu harkar suna ta roƙon a fassara, Safiya ta ce ita za ta yi, yarinyar da tun tana ƙarama nake mata Hausa tana mayar mini da Turanci. Jiya ta kira ni daga wurin aiki ta ce, "Mama, ina wuni? Me Baba yake nufi da 'ƙarfen ya sha wuta'?" Muka yi kusan awa ɗaya a waya, kuma ba ta sa Turanci ko sau ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Malam Yahuza, ya sa Aljanna ce makomarsa.