Oba-oba Mai Lamba Huɗu

'Yan uwa, wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma Allah ne shaidata ban ƙara masa komai ba. A Agege ne, muna haya a wani gida da ba shi da nisa da layin dogo, shekarar da wayar hannu ta fara shigowa, sai masu hali ke riƙe ta. Maigidana, Malam nake ce masa, gyaran rediyo yake yi a kasuwa, yana kuma sayo tsofaffin oba-oba, irin na'urar magana ta 'yan sanda, ya gyara ya sayar wa dillalan Alaba Rago, don su riƙa kiran juna in kasuwar raguna ta cika gab da Babbar Sallah.

To, mai saye ba abin da yake fara tambaya sai, "Oga, nisan ina take kaiwa?" Shi ya sa Malam ba ya sayarwa sai ya auna. Kowace tana da ɗan gilashi mai nuna sanduna, ɗaya zuwa biyar, in wadda ke magana tana kusa su cika, in ta yi nisa su ragu. Da farko biyu-biyu yake gwadawa, yini guda yana zirga-zirga, sai daga baya ya gano dabara: a raba su wurare daban, ɗaya ta yi magana, sauran duk su karanta sandunansu lokaci guda. Ya ƙirga falwayoyin unguwar kaf ya zana a bayan wata kalanda, ya san sanda kaza falwaya kaza ce. Ni nake riƙe ta gida ina rubutawa, tunda na yi sakandare, ni ce ma na sa musu lamba da jan farce, ɗaya zuwa huɗu. Ƙaninsa Habu ɗan okada yana riƙe guda a tashar motocin danfo, kullum sai ya tsokane ni, wai "Matar Yaya injiniya, a dai kula kar miya ta ƙone."

A lokacin Inna, mahaifiyarsu, tana wurinmu, an kawo ta daga ƙauye za a yi mata aikin ido. Ga tsufa ya fara taɓa tunaninta, wani lokaci ta tashi ta ce za ta je ɗaure awakinta. Baiwar Allah sai ta ƙwallafa rai a kan lamba huɗu, ta ɗauka rediyo ce, ta ƙulle ta a gefen zani tana yawo da ita.

Ranar wata Laraba bayan azahar na fita kai markaɗe nan bakin layinmu, na bar ta tana gyangyaɗi, na manta ban sa sakata ba. Kafin in dawo ba Inna, ba takalmanta. Innalillahi! Na duba bayi, na shiga ɗakunan maƙwabta, na fita ba ko mayafin kirki ina tambayar masu shago. Tsohuwar da ba ta gani sosai, ba ta jin Yarbanci, a Legas! Kuma duk unguwar an san jirgin yamma yana wucewa bayan la'asar kaɗan.

Na kira Malam a oba-oba ina kuka, Habu ma yana ji a tasa. Bai yi mini faɗa ba, wallahi da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Lamba huɗu tana jikinta?" Na ce tana nan. Ya ce, "To Habu, tsaya inda kake. Ke kuma Maman Hauwa, kar ki motsa daga gida. Ku zuba wa gilashi ido, ko Allah zai sa ta danna."

Habu ya ce, "Yaya, Inna ce fa, ina ta san wurin dannawa?"

Bai rufe baki ba sai muka ji ƙurrr, layi ya buɗe. Ba magana, sai ƙarar carbi, ƙwaya na faɗa wa ƙwaya a hankali, ƙas, ƙas, da wani numfashi mai natsuwa wanda na rantse ba na Inna ba ne, don nata da ɗan shaƙewa yake fita. Ya daɗe daidai yadda mutum zai karanta gilashi ya tabbatar, sannan ya ɗauke.

"Nawa?" in ji Malam.

Na ce biyu. Habu ya ce huɗu. Shi a shago uku ya gani. Ya gaya mini daga baya da zare da fensir ya zagaya da'ira uku a kan kalandar nan, suka haɗu a wuri ɗaya, bakin layin dogo, bayan masu sayar da katako. Ya ce Habu ya tafi can, yana cewa da ma za ta sake dannawa mu tabbatar. Habu na isa wurin sai ga ƙarar nan ta dawo, sau ɗaya tak. Habu ya yi ihu, "Biyar! Yaya, biyar ta cika!"

A kan wani benci ya same ta, taku kaɗan daga ƙarfen jirgi, tana zaune abinta. Yana kama hannunta jirgin ya danno, har ni daga gida na ji ƙahonsa.

Da aka kawo ta na rungume ta ina ta kuka, na kwance oba-obar daga zaninta, sai na ji ta sakayau a hannuna. Nan take na tuna. Da safiyar ranar ni da kaina na cire batirin, don kar ta cinye masa caji, na jefa shi a gwangwanin da nake ajiye ashana. Na je na buɗe. Yana ciki. Na miƙa wa Malam batirin a hannu ɗaya, oba-obar a ɗaya. Ya juya bayanta, ya ga ramin fayau, ya danna ya sake dannawa, shiru. Mutumin da ya shekara goma sha yana wannan sana'a sai ya zauna a ƙasa yana ta "Subhanallah."

Muka tambayi Inna wa ya taɓa mata rediyo. Ta ce ai za ta tsallaka ne ta je wurin awakinta, wata mata ta riƙo hannunta ta ce, "Zauna tukuna, Inna, 'ya'yanki na awo." Ta karɓi rediyon ta riƙe mata. Habu ya koma ya tambayi masu katako, suka ce tun da tsohuwar ta zauna ita kaɗai suke gani. Carbin Inna kuwa a kan dardumarta na same shi, a ɗaki.

Malam bai sayar da lamba huɗu ba, tana cikin akwatina har gobe, ba batir. Ban san ko wace ce matar nan ba, ban kuma yi karambanin sa mata suna ba, Allah ne Ya san bayinSa da rundunoninSa. Amma har yau in na ji ana jan carbi a bayana a sahu, sai tsigar jikina ta tashi.

Masu tsoho a gida, don Allah ku riƙa duba sakata kafin ku fita, ko da nan da bakin layi ne. Kuma ku riƙa ba Allah ajiyarsu da bakinku. Ni a ranar na manta sakata, amma ban manta wannan ba.